Ƙugiyar Sahura

Aji ɗaya, can gabas da Auyo.
Kwano na yoyo a kusurwa uku,
yara hamsin da bakwai, benci huɗu.
Allo ya koɗe, sai na goga masa garin batir
kafin alli ya yarda ya kama.

Na zana m.
Na ce, kada wanda ya faɗa mini sunansa,
ba suna na zo tambaya ba, murya nake nema.
Ku haɗe leɓe kamar an lasa muku zuma.
Mmm, aji ya ɗauka,
har tunkiyar mai gadi da ke fakewa a baranda
ta ɗago kai, ta ƙarasa mana da wasali.

S kuwa ɗigon ruwa ne a kaskon suya.
R babur ɗin Ɗan'azumi ne
in sanyin asuba ya hana shi tashi.
Sai da na tsawatar, don sun kunna shi sun ƙi kashewa.

Na ce musu, baƙi shi kaɗai baƙo ne,
yana tsaye a zaure, bai iya ko sallama ba,
sai wasali ya fito ya shimfiɗa masa tabarma.
Ga m, ga a. Ga s, ga a.
Ku jawo su kusa, kada ku bari su rabu.
Ma… sa.
Masa!
Ilu ya dafe ciki, ya ce,
Malam, daina rubuta abin da babu.

Sahura ba ta dariya da mu.
Kullum sai an ci rabin darasi take shigowa,
ƙafa duk laka, murya a dishe,
ta sha ihun korar jan-baki a gonar shinkafa.
Mako shida ban ji ta ce ko a ba.
Ido kawai take bin bakina da shi
kamar mai ƙirga canji.

Ranar da muka zo kan masu ƙugiya
na aro lauje a gidan mai unguwa.
Na ce, ku dubi kansa, ku dubi kan harafin.
Kara na gona, ƙara ta alƙali.
Bari daban, ɓari daban.
In ƙugiya ta faɗi, magana ta ɓata hanya.
Ku taɓa maƙogwaro, ku ji inda take maƙalewa.
Na hango Sahura can baya,
yatsu biyu a wuya, leɓe na motsi.

Ran kasuwa, wata babbar mota ta kafe a taɓo,
buhunan tattasai har sama,
direba na zagin hanya, yaran mota na haƙa.
Ina cinikin alli na ji an ja mini hannun riga.
Ta nuna bayan motar, jan fenti, manyan baƙaƙe.
Ha…
ta haɗiye yawu,
ku…
ri.
Ta yi shiru. Ta sake taɓa wuya.
Malam, ta ce, an yi masa sata.

Kafin in buɗe baki ta tsoma yatsa a laka,
ta yi ɗage, ta lanƙwasa wa K kansa.
Ke, ke, ke! in ji yaron mota.
Ba ta ko waiga ba,
ta ja da baya taku uku, ta karanta da ƙarfi,
har mai kifi ya juyo.

Bayan la'asar motar ta fita,
ta nufi Haɗejiya da haƙurinta cikakke,
har dai ruwan sama na gaba.

Ni kuwa albashi bai shigo ba, yau wata biyu.
Na biya ta shagon Tsalha, na roƙi mataccen batir.
Gobe ts muke da shi,
kuma ban san wace dabba ce za ta taya mu ba.